Takardar da Ke Maido Mutum Gida

Al Satwa, Dubai

Assalamu alaikum, Sadiku.

Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka lafiya. Allah ya sa jirgin da ya ɗauke ka ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba. Ummanka ce za ta cusa maka ita a tsakanin riguna, don na san in na miƙa maka hannu da hannu sai ka ce in faɗa da baki, ni kuwa ba zan iya ba. Kai ɗan fari ne. Shekara ashirin da huɗu ina ce maka "kai" da "yaron nan", sunanka ma sai yau a takarda na iya rubuta shi kai tsaye, sannan a ce in zaunar da kai in buɗe maka cikina? Ina! Biro ya fi ni ƙarfin hali.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na ji maganarku a waya da Nafi'u na Amurka, ɗan Gwaggonka. Kada ka zargi Ummanka, ba ita ta faɗa mini ba. Ka manta abin da ya raba ɗakinka da falo katako ne, shi kuma Nafi'u tun yana ƙarami bai iya magana a hankali ba. Ranar Juma'a ce bayan an sauko masallaci, ina kishingiɗe, na ji yana ce maka, "Kai dai ka shigo. Ka yi musu zango ɗaya a makarantar, ka ajiye littafi, ka narke. Aiki na nan, wa ke tambayar takarda?" Na jira in ji ka ce a'a. Dariya ka yi, ka ce za ku yi magana in ka iso.

Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Ba ɓacin karatun ne ya dame ni ba, ko da yake shi ma abin damuwa ne. Abin da na ji tsoro shi ne wanda ya narke a ƙasar mutane ba ya iya zuwa gida. In ya fita ba zai koma ba, don haka ba ya fita. Na sani, don na yi.

Kun taso kuna jin cewa lokacin da Inna, mahaifiyata, ta rasu, "takardu ne suka tsare ni" a Dubai. Haka na faɗa wa kowa, haka Ummanka ta rufa mini asiri tana maimaitawa. To yau ga yadda abin yake. Na zo garin nan da bizar ziyara, ina saurayin ango, na bar Ummanka da cikinka a gidanmu na Funtua. Da bizar ta kusa ƙarewa sai na tafi Al Rigga, inda 'yan gida ke taruwa shan shayi da yamma, na tambaye su yadda ake yi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa shiga ofishin hukuma da ƙafarsa, amma kowa lauya ne. Wani ya ce, "Haba Haruna, kowa haka ya fara. Zauna abinka, shwaiya shwaiya, sannu a hankali za ta gyaru." Wani dattijo ɗan garinmu ya ce in ba shi fasfo ɗina, yana da mutum. Na ji kunyar in tambaye shi wane mutum, a wane ofis, don abokin kawuna ne. Na miƙa masa da hannu biyu har ina godiya. Wata bakwai fasfo na hannunsa, kullum "gobe inshallah", da na karɓo shi babu abin da aka ƙara a ciki sai tabon man ja a bango.

Shekara uku na yi ba takarda. In na hangi motar 'yan sanda sai in sauya hanya ko da zan makara. Zazzaɓi ya kwantar da ni na ƙi asibiti. Wanda nake yi wa aiki in ya ga dama ya zage ni, in ce na gode, don ba ni da inda zan kai ƙara. Ana cikin haka aka aiko cewa Inna ba lafiya, tana tambaya ta.

Saurara da kyau, Sadiku. Babu wanda ya tsare ni. Da na je na miƙa kaina, da an bar ni na tafi, sai dai ba zan sake shigowa ba. Na zauna na auna, na ce bari in ƙara wata ɗaya, wataƙila ta samu sauƙi, wataƙila takarda ta gyaru. Wata ya wuce na ƙara wani. Aka bugo waya shagon wani mutum a Satwa aka bar mini saƙo cewa an kai ta. Ni na zaɓi Dubai a kan uwata. Rashin takarda haka yake yi wa mutum: ya ɗora uwarka a gefe ɗaya, abincinka a gefe ɗaya, ya ce zaɓi. Kada ka kai kanka inda za a ce maka zaɓi, don ba ka san abin da za ka zaɓa ba sai ranar. Ni ma da na ɗauka na san kaina.

Daga baya hukuma ta yi wa marasa takarda afuwa, na fita, na je gida na tarar kana gudu da ƙafarka, ka gan ni ka ɓuya a bayan zanin Ummanka. Na dawo da bizar aiki ta gaskiya, da sunan gareji a kai, har Allah ya sa na ɗauko ku. Shawarata a nan ba ta da tsawo. Maganar takarda a tambayi ofishin da ya ba da takardar. Makarantarku tana da masu kula da ɗalibai baƙi, aikinsu ke nan, je ka ka dame su har su gane fuskarka. Fasfo ɗinka kuma ko limamin gari ne ya ce ka kawo ya ajiye maka, ka ce masa Allah ya saka da alheri, ka bar abinka a aljihu. Kunya tana da wurinta, ba a nan ba.

Yanzu bari in ba ka labarin mutumin da ka sani amma ba ka san shi ba. Kawu Isufu nake nufi, ɗan Kambodiya, abokin aikina a garejin Ras Al Khor, wanda ke zuwa mana da Sallah da miyar kifin nan mai tsami da kai da ƙannenka kuke toshe hanci. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mutumin Kambodiya yake Turanci kamar a talabijin ɗin Amurka? Ni da ya fara zuwa tsokanarsa nake yi. In ce, "Ba'amurke, yau wane gari aka kwana?" 'Yan gareji su kwashe da dariya, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da jan wayar mota. Fiye da shekara ina wannan shashanci ban san a kan ciwo nake taka shi ba. Wannan ma kuskure ne, ka ƙara a kan na baya.

Ranar da na gane, wani mai mota ne ya zo ya ce na cire masa sabon kaya na saka tsoho. Na nuna masa kwalin, ya ƙi kallo. Ya kira ni ɓarawo a gaban mutane, ya haɗa da ƙasarmu, ya haɗa da launin fatata. Ka dai san zuciyar ubanka, ita ka gada. Ban san lokacin da sifana ta shiga hannuna ba. Na ɗaga ta ke nan sai na ji an damƙe mini wuyan hannu ta baya. Isufu ne, ɗan siririn nan, amma riƙon kamar an ɗaure da ƙarfe. Ya ce, "Haruna, ajiye. Khalas, ya isa. Ajiye, don girman Allah." Na ce ya sake ni. Ya ce, "Shi in ya tafi gida zai kwana. Kai in ka sauke wannan hannun, 'ya'yanka a filin jirgi za su yi bankwana da makarantarsu."

Bayan Azahar ya ja ni shagon shayi na bayan gareji, ya sa aka kawo mana biyu, ya ce, "Kullum kana ce mini Ba'amurke. To yau zan gaya maka ko ni wane ne, don ni ma tambayar nake yi."

Iyayensa Musulmi ne na Kambodiya. Lokacin bala'in da ya auka wa ƙasarsu, masu mulkin wancan zamani suna tara mutane su ce kowa ya ba da tarihinsa a rubuta, sunansa, aikinsa, iyakar karatunsa, wai don a ba shi aikin da ya dace da shi. Wanda ya faɗi gaskiya cewa malami ne, ko yana jan salla, sai a zo a kira shi, ba a sake ganinsa. Haka aka tafi da yayan babansa. Uban ya tsira ne don ya ce shi masunci ne, bai san ko alif ba. Suka gudu a ƙafa zuwa sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar da ke maƙwabtaka da su, a can aka haifi Isufu. Yana ɗan shekara huɗu aka kwashe su zuwa Amurka, aka ba su katin zama.

Ya ce, "Babana ya tsira da rai, amma bai tsira daga tsoron takarda ba. Duk wasiƙar da ta zo da tambarin hukuma, ba ya buɗewa. Yana da wani tsohon buhun shinkafa a bayan ƙofa, nan yake zuba su. In muka ce Baba a karanta, sai ya ce wanda bai ba da sunansa ba, ba a kiransa."

Ashe katin zaman nan ba zama ɗan ƙasa ba ne. Akwai lokacin da mutum zai je ya cike takarda, ya yi rantsuwa, ya zama ɗan ƙasa, 'ya'yansa ƙanana su bi shi. Mutane sun zo har gida sun ce wa tsohon ya je. Ya ce sam, shi ya gama rubuta sunansa a littafin gwamnati har abada. Kuma wa zai ga laifinsa? Abin da ya cece shi a ƙasarsu ke nan. Sai dai dabarar da ta cece shi a can ita ta kayar da ɗansa a nan.

Isufu ya tashi a unguwar talakawa, makarantar Amurka, abokan Amurka, shi a ransa ɗan ƙasa ne kamar kowa. Yana da shekara goma sha tara aka yi faɗa a bakin wani shago, ya ji wa wani rauni da ƙarfe. Ya yi zaman gidan yari, ya gama, ya fito, ya tuba, ya koyi aikin wayar mota, ya yi aure, ya haifi 'ya mace. Ya ɗauka magana ta mutu. Shekaru bayan haka aka kira shi ofishin shige da fice ya zo ya sa hannu kamar yadda ya saba tun fitowarsa daga gidan yari. Ya ce ko abincin rana bai ɗauka ba, don ya gaya wa mai gidansa awa ɗaya zai yi. Daga nan bai sake ganin ƙofar gidansa ba. Abokan da suka yi faɗan tare, 'yan ƙasa ne, suna nan suna harkokinsu. Shi aka sa shi a jirgi aka ce an mai da shi ƙasarsu.

Ya ce, "Haruna, ta yaya ake mai da mutum inda bai taɓa zuwa ba? Na sauka ban iya karanta allon hanya ba. In na yi yaren sai yara su yi dariya. A Amurka ni ɗan Kambodiya ne, a Kambodiya ni Ba'amurke ne. Da na samu aikin Dubai har daɗi na ji, don a nan dai kowa baƙo ne, ba wanda ya yaudare ni."

Na ajiye kofin shayina. Na ce, "Isufu, ka yafe mini tsokanar nan." Ya ce, "Yalla, maza sha shayinka ya huce. Ai gara kai, kana kira na da sunan inda nake so in koma."

Ka ga wannan mutumin da takardarsa ya shiga, hukuma da kanta ta ɗauko su, amma mataki ɗaya da aka bari ba a ƙarasa ba, da fushin minti ɗaya, suka raba shi da iyalinsa. To ina ga kai da za ka jefar da taka takardar da hannunka? Duk wasiƙar da ta zo maka, ta waya ko ta akwati, ka buɗe ta ranar da ta zo, ko da gabanka na faɗuwa. In ba ka gane ba ka kai a karanta maka, ba a mutuwa don an ce ban gane ba. Kuma ka riƙe zuciyarka. Za ka ga 'yan ƙasa suna yin abu a yi musu faɗa a sallame su, kada ka ɗauka kai ma haka za a yi maka. In an zage ka, ka haɗiye, ka zo gida ka bugo mini waya ka zazzage a kaina, na iya ɗauka.

Na ji kuma Nafi'u na cewa in abu ya ƙi, sai ka ce gudun hijira ka yi, a shirya maka labari. Kul! Kul, Sadiku! Kai me ka guda? Shinkafar Ummanka? Wannan ƙofa an yi ta ne don irin iyayen Isufu, waɗanda suka taka gawa kafin su kai iyaka. Duk mai ƙarya da ya bi ta nan yana ƙara ƙuntata ta ga mai gaskiya da ke bayansa. In ka haɗu da irinsu a can, kuma za ka haɗu da su a masallaci da kasuwa, ka girmama su. In tsoho ya miƙo maka takarda, ka zauna ka karanta masa har ƙarshe, ka raka shi ofis in da hali.

Shi kansa Nafi'un kada ka raina shi, kada kuma ka nuna masa wasiƙar nan. Yaron kirki ne, shi ya ɗauki nauyin ƙannensa. Amma shekara takwas ke nan Gwaggonka ba ta sa shi a ido ba. Ba mugunta ce ta sa yake kiran ka ba, kaɗaici ne. Wanda ya narke yana son abokin zama. Ka ci abincinsa, ka gaishe shi, ka taimake shi in ya nemi hanyar gyara tasa takardar. Shawararsa dai ka bar masa.

Bara aka aurar da 'yar Isufu a can Amurka. Ban gaya muku ba don ya roƙe ni in yi shiru. Saboda bambancin lokaci, abin ya faɗo da safe a nan, muna bakin aiki. Ya zo da farar riga a leda, ya saka ta a kan kayan aikin da ke jikinsa, ya wanke hannu har sau uku amma baƙin mai bai fita daga farcensa ba. Ya jingina waya a jikin batirin mota, muka tsaya a bayansa mu huɗu 'yan gareji. Wani mutum da bai taɓa gani ba shi ya yi mata walicci. Da aka shafa fatiha sai yarinyar ta matso da fuskarta ta ce, "Baba, kana gani?" Ya ce yana gani. Waya ta yanke. Ya tsaya yana kallon baƙin gilashi, sannan ya cire rigar ya ninke ta, ya shiga ƙarƙashin mota. Mun bar shi a can har Azahar, ba wanda ya ce masa ya miƙo ko sukurudireba.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Mai garejin ya kira ni watan jiya. Mutumin kirki ne, har ya tashi ya rungume ni, amma ya ce in wannan kwangila ta ƙare ba za a sabunta ba. Idona ya fara gazawa, motocin yanzu kuma kwamfuta ce ke duba su. Ka san dokar garin nan, in aiki ya ƙare zama ya ƙare, ko shekara nawa ka yi. Ban yi fushi ba, da sanina na zauna. Bayan babbar Sallah ni da Ummanka da ƙannenka za mu tattara mu koma Funtua. Na hana a gaya maka don kada ka fasa tafiya.

To ka duba da kyau. Tsohon bakanike, ba aiki, a zaune a Funtua, wa zai ba shi bizar Amurka? Ko layi ba zan ɓata lokaci in bi ba. Ummanka ma haka. Daga yau mu ba mu da hanyar zuwa wurinka. Tsakaninmu da kai hanya ɗaya ta rage, ita ce wannan takarda da ke jakarka. In ta mutu, shi ke nan, sai dai mu riƙa ganin juna a gilashin waya.

Ban ce ka aiko mini da komai ba. Ban ce lallai ka zama wani babba ba. Ka shiga aji, ka sabunta abin da ake sabuntawa kafin ranarsa, ka zauna a halin da in aka bugo aka ce Baba na tambayar ka, ba sai ka zauna ka yi tunani ba, jaka kawai za ka ɗauka. Ina so in ranar ta zo, hannunka na cikin waɗanda za su saka ni.

Allah ya tsare ka daga sharrin mutum da na zuciyarka. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya buɗe maka karatu, ya sa ka fita lafiya ka shiga lafiya duk inda ka nufa. Ka riƙe salla, ka sa rigar sanyin da Ummanka ta saya ko da ba ta yi maka kyau ba. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mini shekara ukun farko.

Na bar ka a hannun Allah.

Mahaifinka,
Haruna